Rabin Fuskarka Ya Ishe Ni

Zuwa ga inuwata ta tsakar rana, ruwan randata, gishirin miyata, sanyin idona, Baban Kayal,

Ina yi maka gaisuwar da busasshiyar ƙasa ke yi wa ruwan fari, gaisuwar macen da ta kwana arba'in da ɗaya ba ta ji tarinka a baranda ba. Ya jiki? Ya hannun, ya fara riƙe kofi? Yayarka Ponnammal ta gaya mini a waya kana cin wainar idli biyu da safe, har kana dafa bango ka kai bakin rijiya. Na yi murna, na gode wa Ubangiji. Sai kuma ta rage murya ta ce, "Maragatham, ni 'yar aike ce, kada ki ga laifina. Ya ce kowa ya shigo, ban da ke. Da an ambace ki sai ya juya wa mutane baya ya kalli bango."

Haba, Baban Kayal! Shekara ashirin da tara ina kallon fuskar nan, na gan ta da kumfar aski, na gan ta da fentin 'yan fim, na gan ta cikin mura da zazzaɓi, sai yau da ciwo ya karkatar da rabinta za a ce ta fi ƙarfin idona? Daga nan Chennai zuwa gidan yayarka a Kumbakonam tafiyar wuni ɗaya ba ta cika ba, amma ka mayar mini da ita bangon duniya. Tunda ka ƙi karɓar waya, na ari alƙalamin 'yarmu Kayal. Takarda dai ba ta da ido, ba sai ka ɓoye mata komai ba.

Na san abin da ya rufe mini ƙofarka. Ba ciwon ba ne, bakina ne.

Ka tuna ranar da ka ƙona mini koren sarina, zanen kwalliyata? Wata biyu ka yi kana sammako wurin tsoho Muniyandi, mai gugar bakin layinmu, kana koyon yadda ake hura gawayi a dutsen guga da yadda ake yayyafa ruwa da 'yan yatsu, duk don za ka fito a mai guga cikin wani fim na kisa da 'yan sanda. Fitowa uku kacal! Ka goge zannuwan gado, ka goge labule, har tsumman kicin bai tsira ba. Ranar da ka kai ga sarin, hankalinka na wajen maganar da za ka faɗa, sai ƙauri ya cika gida. Na fito da ludayi a hannu na ce, "Shekara talatin kana mutuwa don wani ya yi suna! An harbe ka, an soke ka, an tura ka ƙarƙashin mota, wa ya taɓa tambayar sunanka? Fuskar nan taka, wa ya taɓa yankar tikiti dominta?"

Ba ka rama ba. Ka ninke sarin a hankali, ka tura ƙunar ciki yadda ba za a gan ta ba, ka ce, "Kofinki zai huce, Maragatham." Da ma ka zage ni! Da ma ka fasa tukunya! Magana zarar bunu ce, na zara, kuma tun ranar nake neman inda zan mayar da ita ban samu ba.

Akwai kuma na biyu, wanda ya fi ci mini rai, ban taɓa gaya wa kowa ba. Kai ka koya mini tun ina amarya cewa a sana'arku ba a barin mutum a kwance. In an gama ɗaukar mutuwa, kyamara ba ta tsayawa sai mamacin ya tashi zaune ya dube ta ya yi murmushi, a zagaya masa wutar kafur, a fasa kwakwa a ƙasa, don mutuwa ta san wasa ake yi, kada ta biyo shi gida. Sau goma sha bakwai ka mutu a fim, ina ƙirge. Sau goma sha shida ka tashi. A na ƙarshen nan hadari ya haɗo, jarumin zai kama jirgi da ƙarfe biyar, aka naɗe wayoyi aka kwashe fitilu kowa ya yi ta kansa. Ka dawo da jan fenti a ƙirji kana dariya, ka ce, "Yau fa an manta ni a ƙasa. A wajen kyamara har yanzu ni gawa ne."

Akwai kwakwa a kicin, akwai kafur a ɗakin addu'a, taku biyar ne tsakanina da su. Amma fushin sari bai sake ni ba. Na dire maka kwano na ce, "To gawa, ga abinci." Kwakwar nan, washegari na goge ta na yi mana mahaɗin idli da ita.

Wata uku bayan haka kofi ya suɓuce daga hannunka da safe, bakinka ya karkace kana ƙoƙarin kirana. Likita ya ce hawan jini ne, da gishiri, da ɗanyen mangwaron nan mai yaji da ba ka iya cin shinkafa sai da shi. Na yarda, ya yi karatu, ni ban yi ba. Amma duk sanda na rufe ido, kwakwar nan nake gani a kan magogi. Da aka sallame ka daga asibiti, ka rubuta wa yayarka da hannun hagu ta zo ta tafi da kai, ka fita da tawul a kan fuska kamar wanda 'yan sanda suka kama.

Yanzu ka saurara, ya hasken gidana, don abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Fim ɗin ya fito. Ranar Talata na je na gani, ni kaɗai, nunin ƙarfe sha ɗaya na safe. Ni da na yi shekara goma sha biyu ban taka gidan sinima ba, don na gaji da kallon ana kashe mini miji. A ƙofa hoton jarumin ya kai bene uku, har yanzu yana tsamin madarar da samari suka kwarara masa ranar farko. Na zagaye allunan nan kaf ina neman ka, ko da kunnenka ne a bayan wani. Har karen 'yan sanda ya samu wuri, kai babu.

Aka fara. An kashe wata lauya a gidanta, jarumi yana ta tsalle daga mota zuwa mota, samari na fito suna ihu. Can sai ga ka a bakin titi da amalankenka, da tsohuwar singileti, da tawul a wuya. Na rantse maka ban gane ka nan take ba. Muniyandi na gani, har yadda yake karkata kafaɗa saboda nauyin ƙarfe. Aka kawo maka farar rigar babban ɗan sanda, ubangidan jarumin, wankakkiya fes. Ka yayyafa ruwa, ka ɗora dutsen guga a hannun rigar, tururi ya tashi, hancinka ya motsa sau ɗaya. Ƙarnin jini! Sabulu ya ɓoye shi, wuta ta tona. Hannunka ya tsaya cak na ɗan numfashi guda, sannan ya ci gaba da tafiya kamar ba a yi komai ba, sai dai babban yatsanka yana rawa a kan mariƙin. Ba kiɗa, ba magana. Wa ya koya maka wannan? A ina ka ɓoye mini shi shekara ashirin da tara, ni da nake wanke maka wannan yatsan in ya ƙone?

Sai kuma fitowar ƙofa. Wayyo, fitowar ƙofa! Mai rigar ya biyo ka har bukkarka ya ƙwanƙwasa. Ka buɗe ɓari ɗaya, ɗayan ɓarin ya rufe rabin fuskarka. Ido ɗaya muke gani, da kunci ɗaya, da gefen baki. Ya tambaye ka ko ka ga wani abu a rigar. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ni guga nake yi, ba na wanki." A cikin idon nan guda na ga tsoro, na ga mutumin da ya san kwanansa ya ƙare, na ga kuma wani irin tausayi, kamar kai ne kake jin ƙan wanda ya zo kashe ka. Gidan sinima ya yi tsit. Masu fito suka haɗiye fitonsu. Matar da ke gefena ta daina ba ɗanta nono ba ta sani ba, sai da ya tsala kuka. Mutum ɗari huɗu ka riƙe da rabin fuska, Baban Kayal. Da rabi!

Ta uku ba zan iya rubuta ta da yawa ba. Kana kwance gefen amalanke, gawayi ya watse, yayyafi na kashe shi ɗaya bayan ɗaya. Na ƙanƙame hannun kujera ina cewa a raina, tashi, tashi mana, ka yi murmushin. Sai hoto ya koma kan jarumi yana gyara tabarau.

Da aka gama, sunaye suka riƙa gudu sama kamar ana korar su, aka kunna fitilu tun naka bai iso ba, mai shara ya shigo da tsintsiya. Wasu samari biyu a bayana suna miƙa. Ɗaya ya ce, "Kai, mutumina, tsohon nan mai guga shi ya cinye fim ɗin nan. Wane ne shi?" Ɗayan ya ce, "Oho. Cikin masu mutuwar nan ne, kullum sai an kashe shi kafin a tashi." Na farkon ya ce, "Duba mana a waya, sarkin sani." Ya latsa ya latsa, ya ce, "Babu shi. Duk sharhin jarumi ne da mai kiɗa. Ga ma wani ya yabi karen."

Ka san ban taɓa kama sunanka ba. Kakata ta ja mini kunne ranar aure, ta ce macen da ta kira sunan mijinta ta gutsure masa kwana. "Kun ji?" nake ce maka, ko "Baban Kayal", ko ranar da ma'aikacin ƙidaya ya zo sai da na turo maƙwabciya ta faɗa masa. Amma ranar Talata, ga mijina kwance a Kumbakonam da kwanakin da ban san yawansu ba, ga yara biyu suna nemansa a duniya sun rasa, kuma duk gidan nan ni kaɗai na sani. Na ji tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Na juya na ce, "Sunansa Kanagasabai." Sai na sake faɗa da ƙarfi, har mai shara ya ɗago: "Kanagasabai! Ku rubuta, kada ku manta."

Ɗaya ya ce, "Mama, kin san shi ne?" Na zaro zaren auren da ka ɗaura mini a wuya na nuna masa. Yaron ya miƙe tsaye ya haɗa tafin hannu, ya ce, "Mama, don girman Allah ki gaya masa idon nan nasa ya hana ni cin gugguruna. Ga shi nan ko rabi ban ci ba." Na yi dariya, dariyar ta zama kuka, suka raka ni har bakin titi suka tsayar mini da mai keke.

To ga saƙonsu na isar. Ga nawa kuma: na yi ƙarya ranar sari. Akwai wadda ta yanki tikiti domin fuskarka, ta kuma koma Laraba, ta koma Alhamis. In kiran sunanka ya gutsuri wani abu, na je gaban abin bautarmu Murugan na roƙa a cire daga nawa kwanakin, ba daga naka ba.

Ya ruwan sanyina, ya bishiyar da na yi shekaru ina shan inuwarta ina mitar ganyen da take zubarwa, har yaushe za ka ci gaba da kwanciya inda suka manta ka? Su suna da jirgin da za su kama, ni ba ni da inda za ni. Ranar Juma'a ta sama zan hau jirgin ƙasa na safe da Kayal. Zan sa koren sarin, ƙunar a waje, kowa ya gani. Zan zo da kwakwa da kafur, Kayal za ta ɗaga wayarta ta zama kyamara. Ba zan kutsa maka ɗaki ba. Zan tsaya a bakin ƙofa in ƙwanƙwasa, in faɗi abin da aka ƙi faɗa maka ranar hadari, abin da ni ma na ƙi faɗa da kwano a hannuna: an gama ɗauka, tashi.

Ba sai ka buɗe duka ba. Buɗe ɓari ɗaya, kamar yadda ka yi wa mutum ɗari huɗu. In ɓarin da ya karkace ne ya leƙo, shi nake so, don shi ne bai taɓa jin ban haƙurina ba. Murmushin kuma ko rabi ne ka ba ni, zan fasa kwakwar a kansa. In ka ƙi buɗewa ranar Juma'a, zan zauna a dakalin yayarka har Asabar, har Lahadi, kwakwa ba ta saurin lalacewa.

Taka tun ranar da aka ɗaura zaren nan, taka a fushi da a shiri, taka har ranar da za a kwantar da ni kwanciyar da ba wasa ba,

Maragatham