Hannuwanki a Cikin Tabarau

Ya sanyin idona, inuwata idan rana ta take, ruwan randata, matata ta kaina,

Saƙonki ya iso ta bakin yayanki. Wai in sawwaƙe miki, in nemi mai lafiyar hannu. Haba! Ni za ki aiko wa wannan magana? Ina ruwan ƙauna da rawar hannu?

Kin tuna ranar da mutanen kamfanin nan suka zaunar da ke ƙarƙashin fitilu, suna ɗaukar hoton yatsunki kina ninke takarda, don na'urarsu mai ƙirƙirarriyar basira ta koya, ita ma ta koya wa yara? Ina bakin ƙofa riƙe da jakarki, bakina har kunne. Farar takarda ta shiga hannunki, ta fito tsuntsu! A wajen lanƙwasa wuyansa ne yatsunki suka ɗan yi rawa. Muka ce gajiya ce. Ashe ciwon ne ya yi sallama.

Ita kuwa na'ura, da ba ta san ciwo ba, ta haddace har da rawar. Yaro ya sa tabaraun na'urar, ya ga hannuwanki a kan teburinsa, ya bi su sau da ƙafa. Da an zo wuyan tsuntsu sai aji guda ya hau kaɗa yatsu, a zatonsu haka ake yi. Kika leƙa ajin, kika gani, kika ɗauka ba'a ake miki. Ko ta gida ba ki biyo ba, kika wuce gidanku. Wallahi ba ba'a ba ce, masoyiyata, yaran nan biyayya suke miki.

Kullum na taso daga aiki nakan sa tabarau in zauna a teburinki. Hannuwanki su bayyana, ga zoben, ga tabon ƙunar nan. In kai hannu in kama, in damƙi iska, na'ura kuma ta ce mini in sake gwadawa. Har zaginta nake yi kamar mutum.

Yanzu kuma kamfanin sun ce ranar Litinin za su goge hannuwanki, su sa wasu sumul, ba tabo ba rawa, waɗanda ba na kowa ba. To in sun goge, ke kuma kin rufe mini ƙofa, ina zan sa kaina? Wayyo ni! Zuciyata ta zama kamar takardar da aka yi ta ninkewa a wuri ɗaya, saura ƙiris ta rabe.

Na je wurin likita, bai ɓoye mini komai ba. Na san ciwon gaba zai ci. Na san ranar da cokali zai gagare ki tana tafe, kuma tsoro nake ji, ba zan yi miki ƙarya ba. Shi ya sa nake roƙonki don Allah ki dawo tun yanzu, in koyi ɗaura miki ɗankwali tun kina iya gyara mini inda na karkace.

Takardar saki kuwa, ki gaya wa yayanki kada ya sake wahalar da ƙafarsa.

Naki har ranar da za a naɗe ni a likkafani,
Mijinki