Sunan Bara'atu

Birnin Kebbi, farkon watan Jimada Lawwal

Daga Hayatu, malamin makarantar elementare, zuwa ga yayana Malam Maigandi, Ƙofar Marke, Sakkwato.

Gaisuwa da ban girma, da tambayar lafiyarka da ta mutanen gida, da jinjirin da Allah ya ba ka a kakar bana. Allah shi raya Lawwali.

Yaya, shekaranjiya wata mata ta wuce ta bakin makarantarmu riƙe da hannun ɗanta, gajere, mai faɗin fuska, idanunsa ƙanana sun ɗan ɗaga ta gefe, harshensa a bakin leɓe. Yara suka watse, wasu na cewa ga ɗan ruwa, wasu na cewa mahaukaci. Haka mutane da yawa suka ɗauka, har da manya masu rawani: in sun ga irin wannan halitta sai su ce aljanu ne suka musanya jariri a bakin gulbi, ko kuwa taɓin hankali ne. Na ajiye darasin lissafi na zaunar da su, na ce ba ko ɗaya daga ciki. Haka Allah yake halittar wasu tun daga ciki. Fahimta tana zo musu a hankali, magana tana yi musu nauyi, amma sun san nasu, suna ƙauna, suna jin zafin wulaƙanci kamar kowa. Na ce musu ƙanwata ma haka take. Sai da na faɗa na tuna tun damina ta riga mu gidan gaskiya.

Tun ranar Bara'atu ba ta fita raina ba. Ka tuna yadda take sanin an haihu a unguwa tun ungozoma ba ta wanke hannu ba? Sai ta zo ta ja ni da riga: "Yatu, tashi, an haihu." Ta yafa zane a karkace ta fita. Kafin a jima ka ji guɗarta, ta kama hanci da gajerun yatsun nan, ana jiyowa har bakin ganuwa. Ba jinjirin da aka haifa a Ƙofar Marke cikin shekarun nan da bai yi barci a ƙirjinta ba. Hasana matar marini takan tsokane ta ta ce, "Ke kuwa yaushe za ki haifi naki mu zo barka?" Ita kuwa ta zumɓura baki ta ce, "Duk nawa na."

Ga kuma ranar da Baturen nan ya zo zaurenmu duba littattafan marigayi Baba. Ta leƙo, ta tsaya tana kallonsa, ta matso ta taɓa jan damtsensa, ta ce maka, "Gandi, wa ya haihi wanga jinjiri? Ya yi tsawo bai yi baƙi ba." Ta rangaɗa masa guɗa. Da tafinta ya fassara, Bature ya yi ta dariya har ya cire hula yana fifita. Har yau in na tuna sai in dara ni kaɗai.

Ga abin da ya sa na rubuto. Iyalina tana gidansu a Ƙofar Kware, watanta ya kusa. Haihuwar fari ce, bai kamace ni in buɗe baki kan suna a gaban manya ba, kuma makaranta ba za ta sake ni ba sai hutu. Kai za ka zauna kusa da liman ranar suna, kai zai tambaya. Ina roƙonka, in Allah ya sauke ta lafiya kuma mace aka samu, a mayar da sunan Bara'atu.

A gaida Gwaggo Juwairiyya, a gaida uwar Lawwali.

Ƙanenka, Hayatu.

*

Sakkwato, tsakiyar Jimada Lawwal

Bismillahi. Daga Maigandi, magatakardan kotun alƙali, zuwa ga Hayatu. Aminci da yardar Allah su tabbata gare ka.

Bayan haka, takardarka ta iso. Ka cika ta da labaran ban dariya. Kana da damar dariya: ka yi shekaru a Katsina wajen karatu, daga nan sai Birnin Kebbi. Ka zo hutu ka yi wasa da ita ka koma. Ni ne mazaunin gidan.

Ranar Baturen da kake tunawa, washegarinta na shiga kotu masinja ya kama hanci ya yi mini guɗa a gaban alƙali. Har yanzu akwai masu kirana wan mai guɗa. Gidan da aka sani da tafsiri ya koma ana kwatance da shi ana cewa gidan su 'yar ruwan nan.

Ka ce wa yaranka ba aljanu ba ne. Mai yiwuwa haka Turawa suka koya maka. Abin da na sani shi ne cikin matata Zainabu ya zube har sau biyu, kuma duka biyun yarinyar nan ce take wuni tana shafa shi tana yi masa magana. Na uku bai ga fuskarta ba, ga shi ya zo lafiya.

Batun suna kuwa, ka bar shi. Suna yana bin mai shi. Wa zai aiko neman auren yarinya mai wannan suna daga gidan nan? Kuma ɗiyar fari ce, ko an sa mata, bakinka ba zai taɓa furta shi ba. To me ka ƙaru da shi?

Rasuwarta sutura ce gare ta, sutura ce gare mu. Ka yi mata addu'a ka yi shiru.

Wassalam.

*

Sakkwato, ƙarshen Jimada Lawwal

Daga gwaggonka Juwairiyya zuwa ga ɗana Hayatu. Ina gaishe ka, ina sa maka albarka. Ka yi haƙuri da rubutun, idona ya yi rauni, tawadar ma ta tsinke.

Yayanka ya karanta takardarka a zaure yana tsaki, Hasana ta jiyo ta kawo mani. Daga nan na gane ba ka san yadda anka yi ba. An ce maka zazzaɓi na, cikin ɗakinta. Ba cikin ɗakinta tac cika ba.

Farkon damina na tahi Wurno jinyar ƙanwata. Bayan tahiyata cikin Zainabu yab bayyana. Wata tsohuwa mai saida kayan yaji tac ce in mai ciki tana kallon irin huskar Bara'atu, irinta za ta haihwa. Sai yayanka yas sa anka ɗora ta bisa jaki anka kai ta gandunmu na bakin fadama, wurin Illo mai tsaron gona da matatai Tani. Ce mata anka yi haihuwa anka yi can, za ta barka. Tun daga ƙohwar gida take guɗa har sunka ɓace.

Sauran daga bakin Tani nij ji, ta zo birni saida albasa. Da sunka isa tac ce ina jinjirin? Babu. Kullum da sahe sai ta tambaya. Akwai mata masu goyo a ƙauyen, amma yayanka ya yi kashedi kada a bari ta kusanci mai ciki ko mai jego, su kuwa mutanen karkara sun tsorata da ita tun da sunka ji an koro ta daga birni. In ta nuho su sai su juya goyonsu su shige. Sai tas samo totuwar masara tan naɗe da tsumma tana goyo.

Ta yi ta kama hanyar birni, Illo yana komo da ita. Da yag gaji yas sa igiya yaɗ ɗaure mata ƙahwa ga turken da ake ɗaure jakin, kahin su dawo daga gona. Wata rana ruwa yas sauko suna can nesa. Daga nan tari yak kama ta, tab bar cin abinci.

Tani ta ce ranar ƙarshe ta kwance totuwar daga bayanta tam miƙa mata, tac ce, "Riƙe shi, ya yi barci, kada ki tada shi." Tat tambaya ko Yatu ya zo hutu.

Can anka binne ta. Daga gidanga ba wanda yat tahi. Na dawo na iske ɗakinta an zuba dawa.

Tani ta kawo mani tsumman, yana cikin adudun littattahaina. Matarka lahiya lau, ƙahwahunta dai sun kumbura. Allah shi sauke ta lahiya, Allah shi ba ka haƙuri.

Gwaggonka.

*

Birnin Kebbi, farkon Jimada Sani

Zuwa ga yayana Malam Maigandi. Bayan gaisuwa.

Na san maganar gandu, na san maganar turke. Ba zan tsawaita a kai ba, akwai ranar da za a tambaye ka ba ni ba.

Ka ce me zan ƙaru da sunan da ba zan iya furtawa ba. Ba don in kira nake so ba, Yaya. So nake in zauna a zaure in ji ana kira daga cikin gida, a ce Bara'atu zo ki ci tuwo, in ji an amsa. Ka hana ta ɗakinta, ka hana ta makabartar iyayenta. Wannan ɗaya ya rage, kuma ba naka ba ne. A shari'ar da kake rubutawa kullum, uba ke da haƙƙin suna.

Na ajiye kunya na rubuta wa liman da hannuna, na aika ta hannun masu kai kifi. Abin da nake nema gare ka kawai shi ne in ya faɗa, ka yi shiru.

Ƙanenka, Hayatu.

*

Sakkwato, ƙarshen Jimada Sani

Bismillahi. Daga Maigandi zuwa ga Hayatu. Aminci gare ka.

Albishirinka, an sauka lafiya, mace aka samu. Uwa da ɗiya suna cikin ƙoshin lafiya. Na sa an duba mini yarinyar sosai, idonta da yatsunta daidai suke, alhamdulillahi.

Liman ya nuna mini takardarka tun kafin ranar. Na gaya masa baƙin ciki ne ya taɓa ka, da zama cikin boko, har ka manta ba a jin bakin uba a haihuwar fari. Ya jinjina kai ya ninke ta. Da safen suna aka taru a ƙofar gidan surukanka, aka raba goro, ya sunkuyo ya tambaye ni kamar yadda aka saba, na gaya masa. An yanka ragon da sunan Jamilatu. An yi fatiha, maroƙi ya shelanta, wanzami ya yi aski. Magana ta ƙare. Wata rana za ka gode mini.

Abu ɗaya ya ɓata taron. Da aka kai sunan cikin gida ba macen da ta yi guɗa, ko ɗaya, aka yi tsit kamar gidan makoki. Na san aikin Gwaggo ne da matar marinin nan. Ban damu ba, guɗa ba sunna ba ce.

Sai wata bukata. Yaron nan nawa tun da ya cika arba'in yake kuka, dare da rana, ba ya tsagaitawa. An yi rubutu, an yi turare, an ba shi jiƙo, a banza. Uwarsa ta rame, ni ma na kasa riƙe alƙalami a kotu. In akwai wani magani a wurin likitan Turawa na wajenku, ko a cikin littattafanku, ka aiko.

Wassalam.

*

Birnin Kebbi, farkon Rajab

Zuwa ga Malam Maigandi. Bayan gaisuwa.

Na ji. Allah shi raya ta.

Likita bai da maganin da kake nema, littattafanmu ma ba su da shi. Amma na san yadda ake yi, don na sha zama ina kallo, har na taɓa koya wa matar wani malaminmu a nan.

Ka cire rawani da babbar riga, ka zauna a ƙasa, ba a kan buzu ba, ka miƙe ƙafafu. Ka kwantar da shi a ƙirjinka, kunnensa a gefen hagu. Tafin hannunka ɗaya ya rufe bayansa, kada ka jijjiga, kada ka bubbuga. Sannan ka ɗora leɓunanka a kan maɗigarsa, inda take motsi, ka yi gunji ƙasa-ƙasa bakinka a rufe, har ya ji shi a cikin ƙashinsa. Ba waƙa ba ce, ba addu'a ba ce. Lokaci-lokaci ka ɗaga baki ka ce masa, "Nawa na." Kada ka ƙosa. Ita takan wuce azahar a haka, ƙafarta ta mutu, ƙuda ya sauka a fuskarta ba ta kore shi ba don kada ta motsa.

A Ƙofar Marke mutum ɗaya ce ta iya, ka san inda take. Kada ka ba Zainabu, kada ka ba baiwar gida. Ka gwada da kanka. In ya yi shiru, ka rubuto ka gaya mini wa ta koya maka.

Hayatu.