Mairo Na Son In Koya Mata Kek Ɗin Kirsimeti

Gwaggo Dudu, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa wannan magana. Ni Kirista ce. Shekara uku ke nan da aka ba mu sabuwar jiha aka turo mijina Samuel koyarwa a Wara, ba mu san kowa ba. Maƙwabciyata Mairo, matar wani masunci, ita ta riƙe ni. Ranar da naƙuda ta kama ni ita ta karɓi haihuwar, ita ta yi mini ruwan wanka har na yi arba'in. 'Yata ma Inna take ce mata.

Duk shekara ina yin kek ɗin Kirsimeti irin wanda mahaifiyata ta koya wurin matan mishan, mai zabibi da dabino da ɓawon lemo. Tun watan Nuwamba nake gasa shi a tukunya bisa yashi. Ba mu da firji, ga laimar bakin ruwa, burodi ma kwana uku ya yi fumfuna. Abin da ke hana nawa lalacewa shi ne duk Lahadi bayan coci nakan huda shi da tsinke in ɗiga masa cokali biyu na barasa, in mayar da shi gwangwani ƙarƙashin gado.

Shekarar farko na aika wa Mairo ban ko yi tunani ba, don a gidanmu ba a ɗaukar wannan a matsayin giya. Sai da ta zo tana santi, tana cewa har mijinta ya tafi da guntu cikin kwalekwale, na tuna da barasar da ke ciki. Ban gaya mata ba. Shekara ta biyu na so in hana, ta aiko da kwano tun safe, ga naman layyarta da muka ci. Na sake ba ta. Matar da ko sallar walha ba ta wuce ta, Gwaggo.

Yanzu ta ce bana za ta zauna kusa da ni daga kwaɓi har ajiya, tana son ta yi nata da ƙaramar Sallah, har ta sa an sayo mata zabibi daga Yawuri. Samuel ya ce in ɓoye kwalbar in koya mata saura. To nata zai ruɓe, ta zaci na yi mata rowar sani. In na faɗa kuma, da wane ido zan dube ta?

Mai Gwangwani, Wara

'Yata Mai Gwangwani, na karanta, kuma na tausaya miki. Na farko kuskure ne. Na biyu tsoro ne, kuma shi ke cin ki. Shawarar Samuel ki ajiye ta, ƙarya ta uku ce kawai.

Ki dubi ɓangaren Mairo. Hakkinta ne ta san abin da ya shiga bakinta. Abin da na sani, wanda ya ci a rashin sani ba shi da laifi, malaminta ma zai kwantar mata da hankali. Abin da zai yi mata ciwo shi ne shirunki. Za ta iya yin fushi, ta ɗauke ƙafa mako biyu ko fiye. Ki ƙyale ta, kada ki kare kanki da cewa cokali biyu ne.

Kek kuwa yana ajiyuwa ba barasa. Ki gasa shi ya gasu har ciki, ya huce sarai, ki shafe shi da zuma mai ɗumi, ki naɗe da takarda mai tsabta. Kada ki sa leda, gumi take tarawa. Ki rufe a busasshen gwangwani, ki ɗora bisa faranti mai ruwa saboda kiyashi. Ba zai yi wata biyu ba, amma zai kai kwana goma, don haka a gasa daf da biki. Na Sallah, da yake zafi ne, kwana huɗu ya isa.

Gobe ki shiga gidanta hannu sake, kafin ta jiƙa zabibin nan, ki gaya mata da bakinki. In ta huce, bana ku yi irin wanda za ku ci tare. Matar da ta yanke wa 'yarki cibiya ta cancanci ta ji daga gare ki. Allah ya sanyaya zuciyarta, ya bar ku tare.

Gwaggo Dudu