Famfon Yaya Zubair

Gozaki, 9 ga Satumba

Yaya Zubair,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Aisha Humaira da yara. Ya Funtua, ya kasuwa? Mu nan sai godiya, amma raina a ɓace yake.

Ka san shekara uku ke nan ina daka 'ya'yan darbejiya, in jiƙa da barkono su kwana, in tace in fesa wa wakena, tsutsa ba ta ko kusantarsa. Bana maƙwabciyata Mama Rahab ta roƙe ni in yi wa nata, shi ne abincinta da jikokinta tun rasuwar mijinta. Na fara da kunya shida, da famfon feshin da ka aiko mini. Kwana biyar, Yaya, suka bushe ƙurmus. Yanzu ko rijiya na je, sai a ce ga likitar darbejiya ta iso. Mama ba ta ce mini uffan ba, kuma shirunta ya fi mini zagi ciwo.

Jiya direban da ya kawo famfon ya ce a gonarka ta Dandume ya ɗauko shi, ranar da ka gama feshin maganin ciyawa. Haba Yaya! Ko ɗauraye shi ba ka yi ba? Ka zo ka faɗa mata da bakinka, don ta yarda in ceci sauran kafin tsutsa ta gama da furen.

Ƙanwarka,
Hansai

Gozaki, 15 ga Satumba

Yaya Zubair,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali, na ga buhun waken da ka aiko maimakon ƙafarka. Na mayar da shi mota. Ba sadaka Mama ta nema ba.

Da ka ƙi zuwa, na ɗauki bokitin ruwan darbejiya da tsintsiya na je da kaina. Na fara bayani, ta tsayar da ni. Wai tun ranar ta gane ƙunar maganin ciyawa ce, ta kuma san mai famfon. Ta yi shiru ne don kada wakenta ya raba ni da ɗan'uwana. Ta karɓi tsintsiyar, muka yayyafa tare har la'asar.

Tsohuwar da ka ƙona wa abinci ce take rufa maka asiri, Yaya. Ni kam har yanzu ban huce ba.

A gaida yara.

Ƙanwarka,
Hansai