Farin Kwanon Inna

Zuwa ga mahaifiyata Inna, a makwancinta na gaskiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ladabi daga ɗan da bai cika jin magana ba, ina sanar da ke, ina kuma kiran mutanen Zuru da Danko da masu kawo shinkafa daga Sakaba su zama shaida, cewa ranar Talatar da ta wuce na shanya farar rigata da hantsi, na kwashe ta da la'asar, na kuma same ta fara. A adana wannan a tarihi.

Ke kaɗai za ki san girman labarin, domin ke kika shekara bakwai kina fama da injin casar shinkafar da ke bayan gidanmu. Buntun da suke tarawa su cinna wa wuta ba ya ci, ba ya mutuwa, sai hayaƙi. Ya shiga tuwo, ya shiga randa, ya shiga ƙirjinki.

Na tuna farin kwanonki na tasa. Bayan asuba kina ɗora shi a kan katanga, kafin azahar ya yi baƙi har a iya rubutu a ciki da yatsa. Sai ki rufe shi da faifai kamar abinci, ki yafa mayafi, ki kai wa mai injin da kanki. Kin san ba a mayar da kwanon dattijuwa ba a buɗe ba. Dole ya karɓa da hannu biyu, ya buɗe a gaban ma'aikatansa, ya yi godiya. Kikan ce masa, "Ɗan nan, ga abin da ka ciyar da mu yau, na kawo maka naka rabon." Idan ranki ya ɓaci sosai sai ki koma yarenmu na C'lela, a nan ne shi ma yake gane cewa babu wasa.

Ni kuwa, a matsayina na mai alƙalami, na yi miki dariya. Na ce gwamnati ba ta jin yaren kwano. Na rubuta ƙorafi goma sha ɗaya zuwa Birnin Kebbi, cikin Turancin da ni kaina sai na duba ƙamus nake gane shi. Ko ɗaya ba a amsa ba.

Shekara uku ke nan da rasuwarki. Jikarki kuma takwararki, wadda muke kira Ummi, ta gaji idonki, ta gaji taurin kanki, ta kuma gaji tarinki. Daga gida zuwa makaranta sai ta tsaya sau biyu ta dafa bango. Likita ya ce ko hayaƙin ya bar unguwa, ko yarinyar ta bar ta. Har mun fara maganar kai ta Kanya wurin gwaggonta, na kuwa san ba za ki yafe mini ba idan aka raba sunanki da gidanki.

Sai ga jami'an kula da muhalli sun iso da mota da takardar doka. Amma labarin zuwansu ya riga su isowa. Mai injin ya kashe wuta, ya share fili, har ya shafa wa bango farar ƙasa. Suka shaƙi iska suka ji ta garau. Na tare su da jawabi mai sassa huɗu. Ina cikin sashe na biyu babbansu ya duba agogo, direba ya tayar da mota.

A nan surukarki Hadiza ta fito, ɗauke da kwanonki a rufe da faifai. Ashe tun bayan rasuwarki ba ta fasa ɗora shi a katanga ba, na ranar ƙarshe kafin a kashe wutar ne kuma ta ajiye ba ta wanke ba. Ta durƙusa ta ce baƙo ba ya barin ƙofar Inna bai taɓa kwano ba. Mutumin ya buɗe, ya goga yatsa, ya daɗe yana kallonsa. Ya ce a kashe mota. Ya duba ganyen mangwaronki, ya zaga bayan injin ya tarar da tudun toka da sauran ɗumi. Kafin la'asar sun sa kwaɗo a ƙofar injin, ba su cire ba sai da aka soma kwashe buntun zuwa bayan gari.

Inna, jiya Ummi ta dawo daga makaranta a guje. Ba ta dafa komai ba sai wuyana. Na so ki gani.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke iskar Aljanna, Ya ba takwararki tsawon rai da faɗin ƙirji.

Saura hukunci ɗaya. Don murna na tara kwafin ƙorafina goma sha ɗaya na ƙone su a tsakar gida. Ko awa ba a yi ba Hadiza ta kawo mini kwano a rufe. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya. Saboda haka na ci kaina tarar goro biyu, da wankin kwanonki har kwana bakwai, ba ɗaukaka ƙara.

Ɗanki mai yawan Turanci,
Baban Ummi.