Ruwan Awara a Tukunyar Gas

Litinin, 3 ga Yuli

Hedikwata sun turo mana injiniya. Larasati sunanta, ana ce mata Laras, ba ta wuce sa'ar 'yata Ningsih ba. Na zagaya da ita matatar, tun daga inda ruwan ƙazantar gari yake shigowa har tukunya, babban tankin nan da laka take ruɓewa ta ba da gas. Ta daɗe tana kallon wutar da muke ƙona gas ɗin a saman bututu, sannan ta kira ni Pak, wato Malam, ta ce, "Pak Kusnadi, wannan gas ɗin ai lantarki ne. Kuna ƙona abincinku, kuna sayen na waje." Na ce to.

Laraba, 5 ga Yuli

Ashe da saƙo ta zo. In ƙarshen Satumba ya yi gas bai tayar da janareto ba, za a rufe tukunya, a sallami mutanen sashena. Ni saura shekara biyu in yi ritaya, ba abin da zai taɓa ni. Amma Wagiman, yaron aikina, fa? Matarsa tsohon ciki gare ta. Janareton nan kuwa ya daɗe a kwance, har kaza ta taɓa yin ƙwai a ƙarƙashinsa.

Talata, 11 ga Yuli

Mun yi da ita yau. Wai injinan da suke hura wa ruwan ƙazanta iska ne suke cin rabin wutar lantarkinmu, a rage su. Na ce in aka rage iska ruwan ya fita da datti, tarwaɗar masu tafkuna na ƙasan kogi ta mutu, ƙofar gidana za a zo, ba hedikwata ba. Ta ce, "A hankali za mu rage, muna aunawa." Na kira ta Mbak, wato Malama, na ce, "Mbak Laras, kifi ba ya mutuwa a hankali." Wagiman ya yi dariya, ita ba ta yi ba. An rage inji ɗaya.

Juma'a, 14 ga Yuli

Kifi bai mutu ba. Tukuna dai.

Litinin, 24 ga Yuli

Kayan gyaran janareto sun zo, ba nasa ba ne. An mayar. Wanda ya sa hannu ya tafi hutu, wanda yake riƙe masa kujera ya ce ba huruminsa ba ne. Haba!

Gas ɗin ma ba zai isa ba, lakarmu ruwa-ruwa ce. Laras ta ce tukunya yunwa take ji, a samo mata abu mai ƙarfi. Bakina ne ya jawo mini, na ce surukina Tukijan mai awara kullum kogi yake zubar da ruwan da ya tace. Idonta ya yi haske. Da na sani na yi shiru.

Asabar, 29 ga Yuli

Na kai ta wurin Tukijan a babur. Ya saurare ta yana juya waken suya, ya ce, "Wato abin da nake zubarwa ne za ku zo da mota ku kwasa? Kusnadi, ka haɗa ni da ita tun da daɗewa mana, ina da tsofaffin takalma ma." Ya cika mata ganyen ayaba da awara mai zafi da barkono. Ta cinye tas. Ban zaci tana cin abinci irin na mutane ba.

Laraba, 2 ga Agusta

Gas ya ƙaru sosai. Ta ce a ƙara ruwan awara, lokaci yana tafiya. Na ji wani iri, amma na tuna Satumba, na ce a ƙara.

Lahadi, 6 ga Agusta

Tukunya ta yi amai. Kumfa baƙa ta taso ta saman, ta gangaro har bakin ƙofar shiga. Cikin tukunya ya yi tsami, gas ya ɗauke. Warin kuwa, Allah ya sawwaƙe. Kafin azahar matan unguwa sun cika ƙofa da gyale a hanci. Bu Parmi, wato Inna Parmi, mai shagon abinci ta nuna ni da ludayi ta ce, "Kusnadi, tun safe ko faranti ɗaya ban sayar ba. Ka zo ka zauna ka ci, in ga ko zai wuce maka!" A gida matata Sumiyati ta ce in tuɓe a waje.

Talata, 8 ga Agusta

Darakta ya zo da takalmi mai sheƙi, ya tsaya nesa da kumfa. A gaban kowa ya wanke Laras tas: wai an turo ta gyara, ta zo tana wasan yara da ruwan awara. Ta sunkuyar da kai. Na ce, "Pak, tare muka yanke." Ya ce, "Kai ba a tambaye ka ba." Shekara ashirin da ɗoriya ina shaƙar wannan wurin, ba a tambaye ni ba.

Bayan ya tafi na same ta a bayan janareto tana goge ido. Na yi kamar spana nake nema.

Alhamis, 17 ga Agusta

Ranar 'yancin ƙasa. Gari yana can ana hawan itace mai santsi ana shewa, mu muna ɗaukar buhunan farar ƙasa muna zuba wa tukunya don tsamin ya kwanta. Laras ma ta ɗauka, gashinta fari fat. Wagiman ya ce mata, "Sannu Kaka." Yau ta yi dariya.

Ba mai gaggauta tukunya. Sai dai jira, ni kuma jiran ne ya ishe ni.

Litinin, 28 ga Agusta

Gas ya fara dawowa. Ruwan awara kaɗan-kaɗan, safe da yamma, kamar ciyar da mai jinya.

Laraba, 13 ga Satumba

Kayan gyara sun zo, na gaske. Janareto ya yi tari, ya yi baƙin hayaƙi, ya tashi! Muka juya injinan iska a kansa, suka ci gaba da aiki da gas ɗinmu. Wagiman ya rungume ni da hannu duk baƙin mai. Bayan la'asar janareton ya mutu. Farar wutar da ke cikin gas ce, sai an gyara matacinsa. Kullum da sabon abu.

Juma'a, 22 ga Satumba

Yanzu yana wuni yana aiki. An bugo waya daga hedikwata an ce ba za a rufe tukunya ba, mutanena suna nan. A wayar nan dai aka ce Laras ta tattara ta koma hedikwata ƙarshen wata, saboda abin da ya faru na kumfa. Ta ce mini, "Ba komai Pak, ai aikin ya tsaya da ƙafarsa." Bai tsaya ba. Ko rabin abin da ta tsara ba a yi ba.

Ya kamata in ji daɗi. Wurin zai koma shiru.

Litinin, 25 ga Satumba

Na sa rigar batik ta zuwa biki na tafi hedikwata. Na zauna a benci tun safe har kiran azahar kafin Darakta ya gan ni. Na ce a bar mana injiniyar. Ya ce, "Ba ku ne aka ce ba kwa shiri ba?" Na ce har yanzu ba ma shiri, taurin kai gare ta. Ya ce zai duba.

Sumiyati ta tambaye ni me ya kai ni. Na ce saboda tukunya ne. Ta ce, "Uhm," ta zuba mini gahawa.

Saboda tukunya ne mana. Na ce ta sake goge rigar, Laraba zan koma.