Ɗakin da Mudathir Ya Kulle

Abuja, 6 ga Maris

Zuwa ga Yaya Uwaliya, a Rabah.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon gwiwar nan taki? Mu nan sai godiya, ina cikin takaba, yau kwana arba'in da uku da rasuwar Mudathir. Na rubuto ne don maganar ba ta waya ba ce, kin san 'yata Surayya ba abin da ke wuce kunnenta.

Kin tuna ɗakin littattafai? Shekara goma sha ɗaya ke nan da Mudathir ya je Wurno ya roƙi mahaifinsa, Malam Jelani, littattafan kakanninsu na rubutun hannu, gafaka tara, wai zafi da ɓera za su gama da su, shi zai ajiye su inda sanyi yake. Malam ya ba shi yana sa masa albarka. Mudathir ya ware ɗaki guda a gidan nan, ya sa masa esi da solarsa shi kaɗai, ya kulle. A ɗauke wuta ko kar a ɗauke, ɗakin nan bai taɓa yin ɗumi ba. Ni kuwa da azumi a bakina, cikin zafin bazara, ina fifita da marfin kwano, ban taɓa ƙorafi ba. In zan wuce ƙofar har murya nake ragewa. Na taɓa marin Surayya don ta jingina takalminta a jikin ƙofar.

Makon jiya Malam ya aiko, idanunsa sun tafi, yana son littattafan su koma gida ya shafa su da hannunsa kafin ta Allah ta kasance. Na nemi makulli har na gaji, na kira kafinta ya ɓalle kwaɗon. Allah ya so ni, sai da na sallame shi sannan na tura ƙofar.

Yaya, babu littafi ko ɗaya. Kwalabe ne kwance bisa kanta tun daga ƙasa har sama, kowace da 'yar takarda a wuya, da rubutunsa: sunan gidan da aka yi ta, da shekara. Giyar inabi ce. Na tsaya cikin sanyin da na shekara goma sha ɗaya ina girmamawa, ban yi kuka ba, haushi ne ya cika ni.

Yanzu mi zan kai wa Malam? Don Allah kada ki gaya wa kowa, ko Inna.

Ƙanwarki,
Mansura

Abuja, 2 ga Afrilu

Yaya Uwaliya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Saƙonki ya iso, da man shanun, na gode. Kin ce in yi haƙuri, matacce ba ya kare kansa. Gaskiya ne, amma ni ma ba wanda ya kare ni.

Wani abokinsa, Alhaji Zayyanu, ya zo ta'aziyya karo na biyu. Bai gama addu'a ba ya tambaya ko esin ɗakin nan na aiki. Daga bakinsa na ji sauran. Ashe tafiye-tafiyen nan na Faransa da Italiya da nake haɗa wa Mudathir kaya har da kilishi, ba duka ne na aiki ba. Gonakin inabi yake bi, wajen gidajen da suka yi suna tun kaka da kakanni. Wani gidan sai ya rubuta ya jira shekara biyu kafin a yarda a sayar masa da kwalba shida. Ya san shekarar da ruwa ya yi wa inabinsu daidai da wadda ya yi yawa. Mutumin da shekarar da ruwa ya cinye shinkafar mahaifinsa a fadama, sai da na tuna masa sau uku kafin ya kira ya jajanta.

Alhajin ya ce wai ba mashayi ba ne sosai, son tarawa ne kawai, kamar wannan ne zai sanyaya mini rai. Sannan ya ce in bar masa kwalaben duka, zai ba ni abin da zai kai Surayya har ƙarshen karatu. Ba zan ɓoye miki ba, na kwana biyu ina juya maganar.

Rana ta uku na shiga sito bayan gareji neman tabarma, na ga wani kwali ƙarƙashin tsofaffin tayoyi. Littattafan ne. Wurin zafi kamar gidan burodi, gara ta shiga ta yi yadda take so. Cikin gafaka tara, uku ne kawai za a iya ɗagawa ba su zube ba.

Daga nan na wuce na kashe esin. Na jido kwalaben bakin kwata na riƙa fasa wuyansu da guduma. Na wuni ina turaren wuta, na ce wa Surayya zoɓo ne ya lalace. Akwai ɗaya da Mudathir ya rubuta a wuyanta: shekarar haihuwar Surayya, a buɗe ranar aurenta. A kan wannan ce na yi kuka, sannan na fasa ta.

Ki gaida yara.

Taki,
Mansura

Wurno, 9 ga Yuni

Yaya Uwaliya,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, kuma ruwa ya sauka wajenku. Na fita takaba, mun iso Wurno shekaranjiya.

Tun daga Achida, muna kan hanya, nake shirya maganata. Na yi niyyar faɗin gaskiya, don na gaji da ɗaukar kayan da ba ni na ɗaure ba. Na iske Malam bisa buzunsa, ya rame, 'ya'yansa da jikoki kewaye da shi. Na durƙusa na ajiye gafaka ukun gabansa. Ya laluba ya buɗe ta farko, takardar ta marmashe a yatsunsa. Ya ce, "Mi yas same su?" Na ce gara ce. Sauran maganar tana bakina.

Ya riƙa shafa abin da ya rage. Sannan ya ce, "Sanyi ba ya hana gara, ɗiyata. Yaron ga ya yi ƙoƙarinai. Allah shi sanyaya kabarinai kamar yadda yas sanyaya ma littattafan ga."

Kowa ya shafa ya ce amin, har Surayya. Ni kaɗai na san inda ya ajiye su, na kuma san zafin wurin. Malam ya juyo da fuskarsa wajena yana jiran tawa. Yaya, duk haushin da nake ji, uban 'yata ne, ban iya cewa amin ga wannan addu'a ba. Na sunkuyar da kai na ce Allah ya gafarta masa. Malam ya ce kunya ce irin ta 'yan gidan mutunci, ya sa mini albarka.

Ga shi ban faɗi gaskiyar ba, kuma na san ba zan faɗa ba. Tsoho zai tafi da ɗansa na kirki, ni an bar ni da na ainihin. Ina nan zuwa Rabah ranar Asabar. Kafin nan ki riƙa sa Mudathir a addu'a, don ni har yanzu bakina bai saki ba.

Ƙanwarki,
Mansura